Guntayen fata a Marwa

Bayan sallar asuba muka bar Garwa a arewacin Kamaru. Tafiyar ta haura kilomita 200, ta Figil inda ake yin siminti, kuma ramukan hanya suka sa sai da azahar muka shiga Marwa. Tsakiyar bazara ce, Mayo Kaliyawo babu ko ɗigon ruwa, yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki. Inuwar darbejiyar da ta jeru a bakin titi ce ta cece mu.

Wurin ɗan kawuna, mai yin zane da guntayen fata, na je. Mahaifinsa baduku ne, ya tsufa yana ɗinka takalma da jakunkuna ana kai wa kasuwar masu sana'ar hannu da ke gefen babbar kasuwa. Shi ma da basilla ya tashi a hannu, amma tun yana ƙarami abin da ake sharewa a zubar ya fi ɗaukar masa hankali.

Washegari ya ja ni majema. Warin wurin sai mai haƙuri. Muka tarar ana jiƙa fatun awaki a ruwan toka don gashi ya zube, wasu kuma an tsoma su a ruwan bagaruwa. Ya tsinci guntayen da wuƙa ta ɓata, har da masu huji, ya cika buhu.

Ɗakinsa ya fi kama da rumbu: fasassun ƙwarya, tsumman atamfa, zaren auduga, yashin kogi a gwangwani. Ja daga karan dafi yake samu, shuɗi daga baba, baƙi daga gawayi da ƙaro, irin tawadar allo. Ba ya fara zane da fensir. Yakan shimfiɗa buhun algarara a ƙasa, ya jera guntayen, ya bar su kwana da kwanaki yana zagayawa yana sauya musu wuri. Sai ransa ya kwanta sannan ya ɗinke, ya ƙona layuka da ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yi wa ƙwarya ado.

Na tsaya gaban wani aiki, na ce, "Yaya, wannan ai kogin nan ne da muka tsallaka jiya."

Ya ce, "Ƙane, matso ka taɓa."

Na shafa. Yashin gaske ne, kuma hujin fatar ya zama ramukan da mata ke tonawa a cikin kogin su ɗebi ruwa. Na daɗe ban ɗauke hannuna ba. Kawu na zaune a bakin ƙofa yana zare, ya ɗago ya ce wannan ɗinkin na gefe bai yi ƙwari ba, a miƙo masa basilla.