Boris mai ƙwallayen siramik: inda yake biyan kuɗinsa da inda ba ya yi

A masana'antun Kakuri da Kudenda da ke Kaduna akwai injinan lantarkin da boris ba ya daɗewa a jikinsu. Da ya fara kuka sai a zargi giris, ko mai kaya a Panteka. Amma idan injin yana aiki da inbata mai sarrafa gudu, wato VFD, a fara zargin wuta.

Inbata tana yanka wuta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kuwa yana tara caji a jikin shaf, wato sandar injin da ke juyawa. Cajin yana neman hanyar sauka ƙasa, hanya mafi kusa kuma ita ce ta cikin boris. Man da ke raba ƙwallo da zobe siririn gaske ne, sai tartsatsi ya tsallaka shi ya narka ɗan wuri a jikin ƙarfen. Ramukan suna taruwa har su zama layuka jere a kwance a kan hanyar ƙwallayen. Saboda haka kada a jefar da tsohon boris. A fasa shi, a wanke da kalanzir, a duba cikin zoben waje. In an ga waɗannan layuka, giris kuma ya yi baƙi kamar ya ƙone, to sabon boris na ƙarfe ma haka zai ƙare.

A nan ne boris mai haɗi yake da amfani: zobba na ƙarfe, ƙwallaye na silikon naitaraid. Wannan siramik ba ya ɗaukar wuta, don haka hanyar ta toshe. Girmansa ɗaya da na ƙarfe, mai lamba 6205 dai milimita 25 ne a ciki, 52 a waje, kauri 15, ba sai an taɓa mazauninsa ba. Kamfanin boris na SKF na sa alamar HC5 a lambarsa. A ƙananan injina a sa a ɓangarorin biyu. Sai dai wutar da aka tare takan bi ta kofilin, wato mahaɗin shaf biyu, ta faɗa wa boris na famfo ko giyabos, shi ya sa dole a gyara wayar ƙasa, in da hali a ƙara zoben da ke sauke cajin shaf.

Ana yawan yabon rashin nauyinsa, kuma gaskiya ne: giram 3.2 ne a kowace santimita kubik, ƙarfe kuwa 7.8. A kan sandar injin sassaƙa ƙarfe mai juyawa dubu goma sha wani abu a minti, wannan yana rage zafi sosai. Injin da ke juyawa 1,450 ko 2,900 ba zai ga wani bambanci ba, kada a saya don wannan dalili.

Inda nake ganin ana asarar kuɗi shi ne injin niƙa da injin fasa dutse. Siramik ya fi ƙarfe tauri kusan ninki biyu, kuma ba ya lotsawa kamarsa, sai nauyin ya taru a ɗan ƙaramin wuri a kan zobe. Da an samu bugu mai ƙarfi zoben ƙarfen ne ke lotsewa. Ƙurar hunturu ma haka: ƙwallon zai jure, zoben zai cinye. Maganin ƙura marufi ne, a nemi mai 2RS, wato mai marufin roba a ɓangarorin biyu.

Akwai kuma wanda gaba ɗayansa siramik ne, yawanci farin zirkoniya, da keji, wato abin da ke riƙe ƙwallaye, na robar PTFE ko PEEK. Wurinsa famfon asid, ruwan kulorin ko sinadarin rini, inda tsatsa ke cin ƙarfe. Ba ya son nauyi mai yawa, ba ya son girgiza. Abin da ke fasa shi kuwa shi ne zafi. In na silikon naitaraid ne, yana buɗewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na yadda ƙarfe ke buɗewa, sai shaf ya kumbura a cikin zoben ya tsaga shi. Zirkoniya ta fi kusa da ƙarfe a wannan fanni, duk da haka ba a sa ta da matsi. Kuma jin cewa siramik na jure ɗaruruwan digiri kada ya ruɗi kowa. Marufin roba na NBR yana gajiya wajen digiri 100, giris da keji su ma suna mutuwa tun kafin ƙwallon ya ji komai.

Wajen ɗaurawa ne aka fi kashe shi. A auna shaf da maikuromita, a goge shi tas. Mai haɗi marar marufi a ɗumama shi zuwa digiri 110, mai marufi kada ya wuce 80, kuma ban da harshen wutar gas. In a sanyi za a sa, a tura zoben ciki kaɗai da bututun da ya yi daidai da shi, a hankali, da injin matsi. Guduma tana iya tsaga ƙwallo tsagar da ido ba ya gani, sai bayan makonni ya ɓare. Giris kuma sulusi zuwa rabin mazauni ya isa, in an cika shi zafi yake kawowa, kuma ba a haɗa mai litiyam da mai foliyuriya.

Kafin a biya kuɗi a gwada. Ƙwallon silikon naitaraid baƙi-baƙi ne, launin toka mai duhu. A sa mitar gwada wuta, mai ƙara in wuta ta wuce, tsakanin zoben ciki da na waje, a ɗan matsa su da hannu ana juyawa. Idan mita ta yi ƙara, ƙwallayen ƙarfe ne, ko me aka rubuta a kwalin.