Kada ka bar ƙarfen solda ya daɗe a kan faifan

Jiya a shagona da ke Gusau na ɗago kai na ga yarona Sani ya ɗora ƙarfen solda a kan ɗan faifan tangaran na cikin na'urar sauraron bugun zuciyar jariri, idonsa kuwa na kan wayar salula. Na daka masa tsawa. Ya ce, "Oga, dalmar ce ba ta kama ba." Gabana ya faɗi, don irin wannan maganar ce na taɓa faɗa wa kaina.

Shekarun baya wata ungozoma daga wani ƙauye ta kawo mini irin na'urar, waya ɗaya ce kawai ta tsinke. Na yi ta danna ƙarfen sai da dalmar ta kwanta lif. Faifan bai fashe ba, ko launi bai sauya ba, amma ya mutu murus. Na ce mata dama can ya lalace. Ƙarya na yi, har yau tana damuna. To amma wa ya koya mini? Ubangidana rediyo ya sani, babu intanet, littafi ma sai wanda ya je Kano. Duk da haka ni na riƙe ƙarfen, kuma matan ƙauyen nan sun daɗe babu abin aunawa.

Sai daga baya na gane abin da na kashe. Tangaran ɗin ana kiransa PZT, haɗin dalma da zirkoniyam da titaniyam. A kowane ɗan ɗaki na ginin cikinsa, ƙwayar zarrar tsakiya ta ɗan goce gefe, shi ya sa ɓangare ɗaya ke da caji fiye da ɗayan. Da farko ɗakunan sun kasu unguwa-unguwa, kowace da inda ta fuskanta. A masana'anta sai a ɗumama shi a ratsa masa wuta ta dubban bolt, unguwannin su juya su kalli wuri guda kamar sahun salla, su kuma zauna haka bayan an ɗauke wutar. Daga nan ne in an ba shi wuta yake miƙewa ko tsukewa, in an matsa shi ya ba da wuta, wannan na ƙarshen ne 'yan'uwa Piyer da Jak Kuri suka gano a 1880 a jikin wasu duwatsu. In zafi ya wuce iyaka, kusan digiri 200 a wasu, sama da 300 a wasu, ƙwayar ta koma tsakiya, sahun ya watse. Ƙarfen solda kuwa yana kai 350. Har wutar NEPA na jona masa wai ya farfaɗo, ban san wuta mai kai-komo ba ta jera komai ba.

Na so in rubuto muku shawarwari da yawa, kaɗan suka rage. Daƙiƙa biyu ko uku, ka ɗauke ƙarfen. In ba ka san faifan ba, kada ka taɓa shi. Ko da yake wanda bai taɓa ba yaushe zai iya? Ku ɓata na ƙararrawar tsohon agogo, ba na ungozoma ba. Ku dai yaran yanzu komai na cikin wayarku, amma bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake rabi!

In kuwa ka kashe shi, ka faɗa wa mai shi gaskiya. Na sa Sani ya kashe wayar, ya kawo mita mu gwada ko faifan na da sauran rai.