Ranar da muka kai Ummi wurin likitar haƙori

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau ko zaren keke ban taɓa ba. Ana idar da sallar asuba ƙanwata ta kira ni, murya duk ta dushe, ta ce, "Yaya, Ummi ba ta runtsa ba jiya, ni ma haka. Kuncinta ya kumbura." Na tambaye ta me aka ba ta. Ta ce farasitamol, sai kanumfari da kakarta ta daka aka cusa mata a kogon. Kanumfari yana lafar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ya toshe rami, ba ya kuma fitar da mugunya. Na ce ta shirya yarinyar, ina sallamar 'yan makaranta zan biyo mu tafi asibiti.

Shekarar Ummi 7. Yarinya ce mai surutu, wadda in ta zo gidana ba ta barin kowa ya yi magana, amma yau a cikin adaidaita sahu ta kwantar da kai a cinyar uwarta, hannu dafe da kunci, har muka isa ba ta ce uffan ba. Uwar ce take ta magana. Ta ce ta daɗe da ganin baƙin a haƙorin, ta nuna wa mutanen gida, kowa ya ce a ƙyale shi, ai na nono ne, in lokacin famfara ya yi zai faɗi da kansa. Ban ga laifinta ba, domin maganar nan a bakin kowa take. Da ita aka raine mu.

Mun tarar da layi. Yawancin waɗanda ke kan bencin manya ne, kuma daga hirarsu na gane kusan kowa cirewa ya zo yi, don sai da ciwo ya hana shi barci sannan ya tuna da asibitin. Ummi ta ga wani dattijo ya fito da auduga a baki, sai ta ƙanƙame ni tana tambaya ko allura za a yi mata. Raina ya sosu. Mu ne muke cewa yaro, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura," sannan ranar da yake bukatar likita mu yi ta mamakin yadda yake turjewa. Na gaya mata gaskiya, na ce mai yiwuwa a yi, za ta ji ɗan tsini, daga nan wurin zai mutu ba za ta ji komai ba, kuma ina riƙe da hannunta har a gama.

Likitar mace ce, matashiya, Allah Ya yi mata haƙuri da yara. Ba ta fara da ƙarfe ba. Sai da ta ba Ummi ɗan madubin nan ta riƙe, ta ce su ƙirga haƙoranta tare. Da ta gama dubawa ta kira mu kusa, ta haska fitila ta ce mu leƙa. Haƙora biyu ne suka lalace, suna jere a ƙasa ta dama. Na gaban, wanda ya ruɓe har ya tara mugunya ya kumbura mata fuska, na nono ne. Na bayansa, babba mai faɗi, wanda ɗan rami ya fara kamawa a tsakiya, ta ce, "Maman Ummi, wannan ba na nono ba ne. Wannan shi ne nata na har abada. In ya tafi babu wani a ƙarƙashinsa."

Ƙanwata ta ce ta yaya, alhali yarinyar haƙoran gaba kawai ta zubar? Amsar da likitar ta bayar ita ce dalilin da ya sa na zauna rubutu a daren nan duk da gajiya. Haƙoran nono 20 ne, suna fara tsirowa wajen wata 6, su kammala kafin yaro ya cika shekara 3. To wajen shekara 6 sai wasu manyan turame guda 4 su fito can ƙurya, biyu sama biyu ƙasa, a bayan na nonon ƙarshe. Ba sa ture kowa kafin su fito, babu haƙorin da ke girgiɗi, babu giɓi. Hankalin iyaye yana kan na gaba da ke zuba, ana ta tsokanar yaro da giɓinsa, su kuwa waɗannan sun fito shiru ba wanda ya yi musu maraba. Samansu yana da kwaruruka da abinci ke maƙalewa, buroshin yaro ba ya kaiwa can, ga shi sun zo daidai lokacin da aka sa shi firamare aka fara ba shi kuɗin tara. Cikin haƙora 32 na babba, su ne suke fara zuwa ta baya, su ne kuma ake yawan fara rasawa.

Ko na nonon ma, in ji ta, ba abin yarwa ba ne. Turmin nono yakan zauna har yaro ya kai shekara 10 zuwa 12, yana riƙe wa na ƙasansa wuri. In aka cire shi da wuri, maƙwabtansa sai su karkato su cike gurbin, sabon ya zo ya rasa hanya ya fito a karkace. Amma na Ummi ya wuce gyara, dole aka cire shi yau. Ta yi kuka kaɗan lokacin allurar, ta matse min yatsu, shi ke nan. Babban kuma an ba mu Talata mai zuwa a yi masa ciko.

Ƙanwata ta tambayi maganar tsutsa, domin akwai wanda ya ba ta shawarar ta kai yarinyar wurin masu fitar da tsutsar haƙori. Likitar ba ta yi dariya ba, ta ce babu tsutsa ko ɗaya. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune cikin danƙon da ke taruwa a jikin haƙori. Duk sanda sukari ya shiga baki sai su ci, su fitar da tsami, tsamin ya yi ta zaizayar ɓawon haƙori na wajen rabin awa kafin yawu ya wanke shi ya fara gyara ɓarnar. Saboda haka yawan lokutan da ake ci ya fi yawan abin da aka ci illa. Yaron da ya cinye alawarsa a zama ɗaya bayan abinci ya fi wanda ke tsotsar guda ɗaya yanzu, wata an jima, biskit da la'asar, lemon kwalba da magariba. Wannan bakinsa ba ya samun hutu. Da dare kuma yawu yana raguwa, don haka yaron da ya sha shayi mai sukari ya kwanta bai wanke baki ba, ya bar tsamin yana aiki har asuba. Ta ce in sau ɗaya za a iya tsayawa a kan yaro a rana, to a tsaya da dare.

Muna jiran a rubuta mana kati na karanta wata takarda da aka manna a bango kan cutar noma, wadda ke zaizaye baki da fuskar yara. Na san akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda take farawa: kumburin dasashi ne da zubar jini da warin baki, ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana. A wannan matakin maganin asibiti da abinci da tsaftar baki suna tsayar da ita. Uwa nawa ce take buɗe bakin ɗanta ta duba dasashinsa? Hukumar dai ta ce a rahotonta na 2022 yara miliyan 514 ne a duniya ke da ruɓewar haƙoran nono. Ummi ɗaya ce cikinsu, kuma nata ya zo da sauƙi.

Daga asibiti gidansu muka wuce. Na san akwai magana da Hajiya, surukar ƙanwata, kuma ba ƙanwata ce za ta iya yin ta ba. Hajiya tana da wata roba a ƙarƙashin gado da ba ta rabuwa da alawar madara da gullisuwa da minti, duk jikan da ya shigo gaishe ta sai ya fito da abu a baki. Na durƙusa na gaishe ta, ta jawo Ummi jikinta tana cewa, "Kishiya, an raba ki da haƙori? Yanzu da me za ki ci naman mijin nawa?" Sai da aka yi dariya sannan na kawo bayanin likita, a hankali. Ta saurara, ta ce, "Mu da asuwaki muka tashi, 'yar nan, ba mu san makilin ba, ga haƙorana nan ina cin goro da su."

Na ce gaskiya ne, Hajiya, amma a zamaninku sau nawa yaro yake ganin zaƙi? Ta yi shiru, sannan ita da kanta ta lissafa: alkaki da nakiya sai biki, rake sai lokacinsa, alawa sai ranar kasuwa in an samu. Yanzu kuwa kowane lungu akwai mai tebur, a ƙofar kowace makaranta akwai mai tiren alawa da cingam, har zoɓo da kunun aya sai an zabga musu sukari kafin yaro ya karɓa. Ban roƙe ta ta daina ba su ba. Kyautar kaka ba abin da za a hana ba ce, kuma ko an hana ba za ta hanu ba. Na roƙi ta riƙa ba su bayan sun ci abincin rana, sau ɗaya, su sha ruwa a kai, sauran lokutan kuma a ba su gyaɗa ko aya ko kwakwa. Ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta ƙara da cewa ita za ta riƙa tambayarsu da dare ko sun wanke baki, wanda bai wanke ba babu shi babu robar gobe. Na san maganarta za ta fi tamu shiga kunnensu.

Ni a ganina asuwaki da buroshi ba kishiyoyi ba ne. Mun gaji tsaftar baki daga addini tun kafin a ƙera buroshi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Ɗana Abba, ɗan shekara 6, ba wanda ya ce masa ya yi asuwaki, babansa ya gani yana yi kafin ya tafi masallaci, shi ma ya nace sai an yanko masa nasa. Yaro abin da ya gani yake yi. Sai dai ɗan ƙaramin hannu ba ya iya kai asuwaki can ƙurya, kuma bakin da ke shan sukarin zamani yana bukatar sinadarin fuloraid da ke cikin makilin, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Gawayi da toka kuwa, likitar ta ce a bar su, suna kankare ɓawon ne.

Na rubuta sauran abin da ta faɗa a bayan katin Ummi don ƙanwata. A fara goge wa jariri tun ranar da haƙorin farko ya leƙo. Ƙasa da shekara 3 makilin kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramar ƙwayar wake. A duba jikin kwalin makilin a ga fuloraid ya kai 1000 ppm, wato ma'aunin yawansa a ciki. Sau biyu a rana, minti 2. In an gama a tofar kawai, kada a kuskure baki da ruwa, don maganin ya zauna. Wannan na ƙarshen shi ne zai yi wa mutane wuya, hannu ya saba kai wa buta. Buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, kowa da nasa, a canza bayan wata 3. Sannan babba ya riƙa sa hannu har yaro ya kai shekara 7 ko 8.

A gidana a tsakar gida muke yi, bakin rariya, ni da yaran gaba ɗaya, kowa da kalar buroshin da ya zaɓa da kansa a kanti. Ina barinsu su fara, don yaro yana son a ce ya iya, sannan in ce a kawo in duba aiki, in bi ko'ina da hannuna. Auta, mai shekara 2, a cinyata nake kwantar da kanta in ɗaga leɓen, wata rana da wasa, wata rana da kuka, amma ba a fasawa. Wanda ya yi da kyau a gaban babansu nake yabonsa. Bayan nan an rufe kicin, sai ruwa.

Yau da na zo kan Abba sai na kunna fitilar waya na ce ya buɗe sosai. Ga su nan kuwa, biyu a ƙasa, farare tas, ɗaya ma dasashi bai gama sakinsa ba, kuma sun fi na gabansu gajarta, buroshi yana iya wucewa ta samansu bai taɓa su ba. Na nuna masa a madubi na ce waɗannan haƙoran manya ne, irin na Baba, da su zai tsufa in Allah Ya so. Ya yi ta taɓa su da harshe yana murna, har ya je ya nuna wa babansa. Na koya masa ya shigo da buroshin ta gefen baki, a gicciye, ya goge kowanne shi kaɗai.

Likitar ta ambaci wani shafi da ake yi wa kwarurukan sababbin turame, ya toshe su tun rami bai kama ba, babu allura babu haƙa. Ranar Talata in za mu mayar da Ummi ciko zan tafi da Abba a duba shi, in tambayi kuɗin shafin, in da hali a yi musu su biyun.