Gwiwa ba kafaɗa ba ce

Shekarata 19 a lokacin. A filin ƙwallon unguwarmu ne, bayan la'asar, na kafa ƙafar dama na juya da gangar jiki zan yanke mai tsaron baya, sai na ji "ƙas" a cikin gwiwa. Kafin isha'i ta kumbura suntum. Abokai suka ce targaɗe ne. Mai ɗori ya ja, ya murza, ya ɗaure. Bayan mako biyu na koma fili, don kada a ce da ni rago.

Sai da na shekara uku gwiwar tana zamewa sannan na je wajen likitan ƙashi. Ya ɗauko gwiwar roba daga kan teburinsa ya nuna mini abin da na yi wa kaina. Ashe gaɓoɓin jiki kowacce da irin tafiyarta. Kafaɗa da kwatangwalo kamar taɓarya a turmi suke, kan ƙashi yana juyawa ta kowane ɓangare. Na ƙoƙon kai kuwa a ɗinke suke, ba sa motsi. Ita gwiwa ƙyauren ɗaki ce: ta buɗe, ta rufe, juyawarta kaɗan ce. Jijiyoyi biyu da suka giciye a tsakiyarta su ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya, kuma ta gaban ce na tsinke ranar. Komawa filin da na yi ce ta yaga mini guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kamar matashi. Shi kuwa jini kaɗan ke kai masa, don haka da wuya ya haɗe da kansa.

Ba na raina masu ɗori, amma hannu ba ya ganin cikin gwiwa. Ko hoton ƙashi ma bai nuna komai ba, sai da aka yi na MRI, hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsi.

To ƙannena, in kun ji wannan ƙara, gwiwa ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, ko ta ƙi ɗaukar nauyinku, ku bar filin nan take. Ku naɗe ƙanƙara a tsumma ku ɗora kamar minti 20, ku ɗaga ƙafar, kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza. Washegari a nemi likitan ƙashi, ko da ciwon ya lafa. Nawa ma ai ya lafa.

Yau a masallaci, in aka zo zaman tahiya, sai na miƙe ƙafar dama gefe, yara suna kallona.