Yadda na sa wa Marsandita jakar iska

Motar tsohuwar Marsandi ce, irin wadda ake kira V-boot, amma doguwar, mai gidan kaya a baya. Gadonta na yi daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma da ita nake ɗaukar dilolin atamfa daga Kantin Kwari zuwa Daura da Mai'aduwa. Abin da ya sa na kasa rabuwa da ita shi ne bayanta ba ya zama. Ka loda mata kaya har rufi, ka tayar da inji, kafin ka gama sallamar 'yan dako gindinta ya ɗago da kansa ya daidaita.

Sai da abin ya lalace na san yadda yake aiki. A ƙarƙashin bayan akwai ƙwallayen ƙarfe biyu, kowanne kamar ƙaramar ƙwarya. Tantanin roba ya raba cikin kowanne gida biyu, gefe ɗaya gas ɗin naitirojin, ɗaya gefen mai. Inji na juya famfo, famfo na tura mai, wani bawul kuma na lura da tsayin mota, in ta zauna ya ƙara mai, in an sauke kaya ya mayar da shi tanki. Mai ba ya matsuwa, gas ne ke matsuwa, daga nan laushin yake fitowa. Asalin dabarar ta Faransawa ce. Wani ma'aikacin kamfanin motoci na Citroën mai suna Paul Magès ya ƙirƙiro ta, aka fara sa ta a bayan wata motarsu a 1954, a 1955 kuma aka fito da motar DS mai ita a duk ƙafafu huɗu. A cikin irin wannan DS ɗin Shugaban Faransa de Gaulle ya tsira a 1962 lokacin da aka buɗe masa wuta, direbansa ya ci gaba da gudu da fasassun tayoyi.

Tawa kuwa gas ɗin ne ya tsiyaye da tsufa. Bayan ya yi tauri, duk ramin da muka faɗa sai ta yi tsalle kamar amalanke. Da a nan abin ya tsaya, da ƙwallaye biyu kawai zan canza. Amma na kai ta wani gareji, yaron shagon ya ga tankin ya yi ƙasa, ya cika shi da man birki. Wannan tsarin yana da nasa mai na musamman, man birki kuwa kumbura robobinsa yake yi. Cikin mako biyu ko'ina yoyo. Na zaga Ƙofar Ruwa neman kaya, duk abin da aka nuna mini na hannu ne, sa'an wanda ya mutu a motata, kuma ba a gane ƙwallon da ke da sauran gas da ido.

Shi ke nan na yanke shawarar cire tsarin gaba ɗaya. Wani dattijon bakanike da ya daɗe da sanin motar ya ce mini, "Alhaji, cirewa ba wuya, amma ka sani sufirin ɗinta na baya mai taushi ne, don ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyi ba." Na ce mu dai gwada. Muka sa shokazoba na yau da kullum, ya juya bututun famfon ya koma tanki don kada ya bushe ya ƙone. Ranar lodin farko bambar baya ta kusa sharar ƙasa. Bai ce mini komai ba, ya dai aiki yaro ya nemo sufirin mai ƙarfi.

Ko da mai ƙarfin, dila shida na zaunar da ita. A nan ƙanena ya kawo maganar jakar iska, wata roba mai kauri kamar gwangwanin madara dogo, da ake cusawa cikin sufirin a hura. A wannan motar sufirin daban yake da shokazoba, cikinsa fanko ne, don haka akwai wuri. Muka auna faɗin cikin da tsayinsa, aka yi odar biyu. Sa su bai ɗauke mu awa uku ba: ka matse jakar ta fitar da iska, ka toshe bakin, ka tura ta tsakanin zoben sufirin, ka ja siririn tiyo zuwa baya inda za a ɗaura bawul irin na taya.

Duk wahalar da na sha bayan nan daga tiyon nan ta fito, ba daga jakar ba.

Da farko mun yanke shi da filaya, bakin ya lanƙwashe, kullum da safe iska ta gudu. Sai da muka shafa ruwan omo muka ga kumfa na tashi a mahaɗa. Reza ake sawa, a yanke shi tsaf a miƙe. Na biyu, don sauƙi na haɗa jakunkunan biyu a tiyo ɗaya, bawul ɗaya. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da na sha kwana da kaya sai iskar ɓangaren da aka danne ta tsere ɗaya ɓangaren, motar ta ƙara kwantawa. Na raba su, kowacce da bawul ɗinta. Na uku shi ne ya fi ba ni haushi, don ganganci ne: tiyon hagu ya bi kusa da salansa. Mun wuce Kazaure kaɗan na ji fus, baya ya karkace. Tiyon ne ya narke.

Sai maganar masu faci. Takardar jakar ta ce kada iska ta gaza 5, kada ta wuce 35 a geji. Jakar ƙarama ce, injin mai faci kan cika ta kafin ka ƙifta ido, yaron kuma ya saba da taya. Na taɓa juya baya ina amsa waya, na dawo na tarar allura ta haura 50. Tun ranar na sayi famfon keke na ajiye a but. Kuma ana hurawa ne kafin a yi lodi, ba bayan kaya sun danne ta ba.

Babban kuskurena ba na gareji ba ne. Da na ga motar ta tsaya cak da dila shida, sai zuciya ta ce ai za ta ɗauki takwas. Ta ɗauka kuwa, a ido ba ka cewa tana da kaya. Amma birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba. Da zafin rana, a wata gangara, na taka birki na ji ta ƙi tsayawa inda ta saba, kafin mu isa Daura tayar baya ta yi ƙwai a gefe. A da zaman da bayan yake yi shi ke gaya mini kaya sun isa, na sa jaka na rufe masa baki. Yanzu ƙirga diloli nake yi, ba kallon bamba ba.

In an tambaye ni, laushin bai kai na asali ba, ko kusa, kuma ba ta ɗagowa da kanta, ni ke tsugunawa da famfo da asuba in ba kowane ɓangare 25 in za a yi lodi, in rage zuwa 10 in za mu dawo fanko. Wani maƙwabcina a kasuwa mai irin motar ya zo neman shawara kwanan baya, tasa ma ta fara tsalle. Na ce masa ya nemi sababbin ƙwallaye da man da ya dace, kuma ya tsaya a kan motar da kansa ranar da za a zuba. Nawa tsofaffin biyu suna shago, da su yarana ke danne atamfa in iska ta taso.