Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Lokacin da na daina ɓoye in'inata

A kashin makon jiya na tsaya da labarina inda aka ɗauke ni aiki, aka ba ni teburin da wayar ofis take kai. Ga mai in'ina, babu jarrabawar da ta kai waya. Ba hannun da za ka yi nuni da shi, ba fuskar da za a karanta, sai bakin nan da ke ba ka wahala.

Dabarata tun ina yaro ita ce sauya kalma. Da na ji wadda ke tafe za ta maƙale, sai in yi wuf in jefo wata. Sunana ne kawai ba shi da madadi, shi ya sa na tsani a tambaye ni shi. Mutane kan ce ai tawa in'inar ba ta da yawa. Ba su san kowace jimla sai na tace ta a zuci kafin ta fito ba, kafin a tashi aiki na gaji liƙis.

Gajiyar ce ta kai ni wurin wata ƙwararriya kan matsalolin magana, dattijuwa mai haƙurin sauraro. Ta ce kusan mutum 1 cikin 100 na manya yana da in'ina, maza sun ninka mata wajen sau 4, kuma takan bi jini. Tsoro ba shi ne ke haifar da ita ba, ƙara ta yake yi. Ta ba ni labarin Joseph Sheehan, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ma mai in'ina, wanda ya kwatanta ta da dutsen ƙanƙara a teku: sarƙewar da ake ji ɗan kan dutsen ne kawai, kunya da fargaba da guje wa mutane suna can ƙarƙashin ruwa.

Sai ta ce, "Ɗana, gobe in wayar ta yi ƙara, ka yi in'inar da gangan."

Na ce, "Mama, ai maganinta na zo nema."

"Ɓoyon muke magani tukuna."

Na yi. Wanda ya kira ya jira ni, ya faɗi buƙatarsa, muka yi sallama. Wani daga baya ya yi dariya, ta kuma yi mini ciwo ƙwarai, amma na ƙarasa maganata.

Masu son ƙarfafa mini gwiwa sukan kawo Joe Biden, wai da in'inarsa ya mulki Amurka. Gaskiya ne, sai dai ni ba mulki nake nema ba. Abin da ya fi zauna mini shi ne addu'ar Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha, da ya roƙi Allah Ya warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Fahimtar nan ita nake bukata, kuma ana fahimtata ko na sarƙe.

In'inar tana nan har yau. Wata uku bayan haka shugabanmu ya ce ni zan karanta rahoton sashenmu a gaban taro. Yadda ta kaya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.