Kwana Biyu a Damagaram Wajen Kawu

Na bar Maradi da sanyin safiya, muka wuce Agye da Gazawa, muka tsaya Tasawa shan ruwa. Daga Takyeta barci ya kwashe ni, sai da duwatsun Damagaram suka bayyana na farka. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni Birni, bayan fadar Sarki, inda kawuna yake zaune tun da ya ajiye aikin koyarwa.

Ranar juma'a ce, muna cikin zaure sai ga kakaki da algaita daga fada. Kawu ya ɗaga hannu, aka yi tsit har suka gama. Sannan ya ce, "Ɗana, ka taɓa jin kakaki dubu a hannun mutum guda?"

Ya ɗauko wayarsa ya kunna mini ogan, wato babban kayan kiɗa mai bututun iska, na majami'ar Notre-Dame ta Paris, birnin da ya yi karatu yana saurayi. Bututu wajen 8,000 gare shi. Wasu kamar sarewa suke, iska ce kawai ke ratsa su. Wasu suna da ɗan harshen ƙarfe mai karkarwa, irin aikin bakin algaita. Murya kan murya ake ɗorawa, babba da ƙarama, a miƙe, ba rawa. Har cikin ƙirji na ji shi.

Sai ya canza. Wannan karon sautin na rawa kamar muryar mai kuka, can sai ganga, sai ƙararrawa, sai usur ɗin jirgin ƙasa. Na ce, "Kawu, wannan ai ƙungiya ce." Ya ce mutum ɗaya ne ke kaɗa ogan na silima, kuma ya ji irinsa da kunnensa a silimar Gaumont-Palace kafin a rushe ta a 1973.

Nan muka raba dare. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hope-Jones, shi ya fito da dabarar, kamfanin Wurlitzer na Amurka ya yaɗa ta, ya ƙera fiye da 2,000. Lokacin fim ba ya magana, sai a zaunar da makaɗi gaban allo ya ba hoto murya. Shi ya sa gangunan da ke ciki na gaske ne, iska ke kaɗa sandunansu. Jerin bututun kaɗan ne, amma da wayar lantarki ake aron kowane jeri a wurare da dama, a kuma hura masa iska mai ƙarfi fiye da ta majami'a. Dukansu a ɓoye suke cikin ɗakuna masu tagogin katako da makaɗi ke buɗewa da ƙafa, alhali na majami'a shi ne adon gini, a fili yake, kowa na ganinsa.

Ni dai na silimar ne ya kama ni, don kuwa aikin mai tatsuniya yake yi: ya zama doki, ya zama tsuntsu, ya sa jama'a dariya ko hawaye. Kuma abin tausayi, aikinsa bai daɗe ba: fim ya fara magana a 1927, shekara ɗaya bayan Turawa sun ɗauke babban birni daga nan Damagaram zuwa Yamai. Kawu ya maimaita shekarun nan sau biyu, yana kallon tsohuwar katangar gidan.

Ranar lahadi ya rako ni har tasha da ƙunshin dabino. Sai da ya tabbatar sautukan biyu sun shiga wayata kafin ya bari na shiga mota.